Personal Voice da Live Speech: Amfaninsu da Iyakarsu ga Mai Rasa Magana

Cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke ba tsokoki umarni, takan kai ga harshe da leɓɓa da maƙogwaro, har magana ta fara yin nauyi, daga bisani ta gagara gaba ɗaya, alhali hankalin mai cutar a mafi yawan lokuta yana nan daram. Saboda irin waɗannan mutane ne kamfanin Apple ya sanya abubuwa biyu a wayoyinsa da kwamfutocinsa a shekarar 2023, tare da fitowar iOS 17, manhajar da ke tafiyar da wayar iPhone: Personal Voice, mai kwaikwayon muryar mutum, da Live Speech, mai furta abin da aka rubuta. Dukansu suna cikin sashen saituna na masu buƙata ta musamman, kuma ba a biyan wani kuɗi na daban kafin a yi amfani da su.

Aikin naɗar muryar ba shi da wuya. Waya za ta fara sauraron ɗakin da kake ciki don ta tabbatar babu hayaniya, sannan ta riƙa nuna maka jimla ɗaya bayan ɗaya kana karantawa. A tsarin farko jimloli 150 ne, kimanin minti 15 na magana, kuma idan ka gaji kana iya dakatawa ka ci gaba wata rana, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda numfashinsa ya fara rauni. Bayan haka, a wancan tsarin, wayar takan sarrafa muryar da kanta tana kan caji, ba tare da an tura sautin zuwa wata kwamfuta ta waje ba. A 2025 kamfanin ya sanar da rage adadin zuwa jimloli 10 kacal.

Muryar da ke fitowa tana kama da ta mai ita, har na kusa da shi su gane ta, amma tana tafiya a miƙe, ba ta da hawa da saukar da fushi ko raha ko lallashi ke sa wa magana. Duk da haka ina ganin ta fi muryar na'ura ta kowa da kowa nesa ba kusa ba, domin yaro da ya ji an kira sunansa da muryar mahaifiyarsa ya san wanda ke masa magana. Marigayi Stephen Hawking, masanin kimiyya mai cutar ALS wanda ya rasa maganarsa a 1985, ya riƙe muryar na'urarsa mai karin harshen Amurka har ƙarshen rayuwarsa saboda duniya ta riga ta san shi da ita, amma ba tasa ba ce ta asali. Babban abin lura shi ne manhajar tana kwaikwayon abin da aka ba ta ne kawai. Idan aka jira har magana ta fara sarƙewa, to raunin zai bayyana a muryar da za ta haɗa. Na san yana da ciwo a ce wa mutumin da bai daɗe da jin sakamakon gwajinsa ba ya zauna ya tanadi muryarsa, amma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma likitoci da iyalai ne ya kamata su taso da maganar tun da wuri cikin tausasawa.

Live Speech kuwa ana buɗe shi da danna maɓallin gefen waya sau uku. Akwatin rubutu zai bayyana, ka rubuta, wayar ta faɗa da muryar da ka naɗa ko ta na'ura, ko a gaban mutane ko a cikin kiran waya da kiran bidiyo na FaceTime, kuma ana iya adana jimlolin yau da kullum, kamar neman ruwa ko a gyara matashin kai, a taɓa su sau ɗaya. Matsalarsa jinkiri ce. Mai lafiya yakan furta kusan kalmomi 150 a minti guda, shi kuwa mai rubutu da yatsun da suka raunana yana kan harafi na goma hira ta riga ta koma wani batu, sai amsarsa ta fito bayan an wuce wurin. Wannan ba abu ne da waya za ta gyara ita kaɗai ba, sai masu zama da shi sun koyi yin shiru su jira.

Idan hannu ma ya daina aiki, iOS 18 na 2024 ya kawo sarrafa allo da ido ta kyamarar gaba, inda tsayar da kallo a kan harafi ke zama dannawa. Yana taimakawa, amma bai kai na'urorin da aka ƙera musamman don wannan aiki ba, irin na Tobii Dynavox na ƙasar Suwidin, masu bin motsin ido da haske na musamman, waɗanda tsadarsu ke hana mutane da yawa samu. Haka kuma wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai haɗa kalmomi ba lallai ne ya amfana ba, tunda rubutun ma yakan gagare shi.

Masu bincike sun yi nisa fiye da haka. A 2023 wata tawaga a Jami'ar Stanford ta fassara yunƙurin magana na wata mai ALS daga ƙwaƙwalwarta kai tsaye da saurin kalmomi 62 a minti, wata tawagar kuma a San Francisco ta kai 78. A 2024 aka ba da rahoton Casey Harrell, wani mai ALS da aka dasa wa ƙananan ƙarafa 256 masu ɗaukar saƙon jijiya a ƙwaƙwalwa a Jami'ar California da ke Davis, na'urar tana gane abin da yake nufi daidai da kusan kashi 97 cikin ɗari, da muryar da aka gina daga tsofaffin sautukansa. Sai dai duk waɗannan gwaji ne da ke buƙatar tiyata, kuma mutane ƙalilan suka samu.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na harshe. Personal Voice ya fara da Turanci kawai, aka ƙara Sinanci da Sifaniyanci daga baya, Hausa kuwa ba ta ciki, don haka jimlar Hausa da aka rubuta za ta fito ne da lafazin Turanci wanda da ƙyar za a fahimta. Shawarata ga duk wanda aka tabbatar masa da irin wannan cuta ita ce ya naɗi muryarsa a manhajar idan yana jin Turanci, sannan ya ɗauki sautin kansa da kowace irin waya yana faɗin gaisuwarsa, da sunayen iyalinsa, da buƙatunsa na yau da kullum a harshen da yake magana da shi a gida, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya.