Haƙa ko Sauraro: Gwajin Ƙasa Kafin Gini a Fadamar Haɗejiya

Mai shirin gina bene a fadamar Haɗejiya ko Auyo yana da hanyoyi biyu na sanin yadda ƙasar za ta ɗauki girgiza.

Ta farko haƙa ce. Injiniyoyi su huda rami, su riƙa sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 kan bututu, suna ƙirga bugun da zai nutsar da shi santimita 30. In bugun bai yi yawa ba, ƙasar na da taushi. Sannan a zaro lakar a kai ɗakin gwaji. Aikin na cin kuɗi, kuma labarin wurin da aka huda kaɗai yake bayarwa.

Ta biyu sauraro. A ajiye ƙaramar na'ura a ƙasa kamar rabin awa, ta naɗi motsin da iska da motoci ke jawowa, wanda ƙafa ba ta ji. Daga nan ake gane saurin lilon ƙasar. In ya dace da na ginin, girgiza sai ta ƙara ƙarfi. Haka ta faru a birnin Meziko a 1985: benaye kan tsohuwar lakar tafki suka ruguje, alhali tushen girgizar na nesa da fiye da kilomita 300.

Ni dai a nan haƙa zan fifita. Girgiza ba ta cika zuwa mana ba, ko da yake mutanen Mpape a Abuja sun ji ta a 2018. Amma lakar da ke kumbura da damina ta tsage da rani tana fasa mana bango, kuma haƙa ce ke nuna ta.