Gidan kallon besbol a Mabera

Wallahi gidan kallon nan na Mabera ya burge ni, duk Sakkwato ban ga inda ake saka besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurka, ba sai nan. Ni 'yan ƙungiyar Dodgers nake bi, waɗanda suka bar Brooklyn suka koma Los Angeles a 1958, kuma mai gidan har tsofaffin wasanni yake kunna mana a YouTube mu ji muryar Vin Scully, dattijon da ya yi musu sharhi a rediyo da talabijin tun 1950 har 2016, murya kamar zuma. Matsalar dai lokaci, wasan darensu ƙarfe uku na dare ne a nan, ga sauro, janareto sai tari, shekaranjiya sai da na ce Malam a ƙara mai mana.