Tsohon shayin Pu'er: gidan gwanjo, kasuwar Fangcun, ko ka ajiye naka ya tsufa?

Yadda Turawa ke kai tsohuwar giya gidan gwanjo ana taya ta, haka Sinawa ke yi da wani ganyen shayi da ake kira Pu'er, daga lardin Yunnan. Shayin atayi da muke dafawa da zarar ya shekara biyu ya sane. Pu'er kuwa tsufa ke ƙara masa daraja. Ana matse ganyen ya zama curi mai faɗi kamar ƙaramin faifai, gram 357, a naɗe a takarda. Bakwai ake haɗawa a ɗaure da ɓawon gora, su ba da kusan kilo biyu da rabi. Wannan ɗaurin sunansa tong, kuma da shi ake yawan ciniki a manyan gidajen gwanjo.

Kafin maganar inda za ka saya, ka san cewa iri biyu ne. Akwai sheng, ɗanye, wanda ake bari ya tsumu da kansa shekara ashirin ko talatin. Yana sabo yana da ɗaci da bauri, ruwansa rawaya. In ya tsufa sai ruwan ya koma ja, baurin ya kwanta, wani ɗan zaƙi ya riƙa biyo maƙogwaro bayan an haɗiye. Akwai kuma shou, wanda aka fara yi a masana'antar Kunming a 1973: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe shi makonni har ya yi baƙi. Shou yana da daɗin sha kuma bai da tsada, amma ba shi masu tarawa ke zuba wa kuɗi ba. Yawancin cutar da ake yi wa baƙo, shou ake miƙa masa da sunan tsohon sheng.

Ni ma ta nan na fara. A wata tafiya saro kaya Guangzhou, wani mai shago ya sayar mini da faifai ɗaya, ya ce na shekarun 1990 ne. Takardar ta yi jaja-jaja, har da hujin ƙwaro. Ban nemi a dafa mini ba. Da na dawo na zuba ruwan zafi, sai ga ruwa baƙi ƙirin mai warin rumbun da damina ta shiga. Ganyen da ya jiƙa na murza shi, ya dagargaje a yatsana. Tsohon sheng na gaskiya ganyensa buɗewa yake yi, launin ƙasa-ƙasa, ka ja shi yana da danƙo.

To, gidan gwanjo fa? A Hong Kong da Beijing ake fito da manyan kaya: faifan tsoffin gidajen yin shayi irin su Song Pin Hao na kafin 1950, da Hong Yin mai jan tambari na shekarun 1950, da wanda ake kira 88 Qing na ƙarshen shekarun 1980. Abin da kake biya a can shi ne asali. Gida mai mutunci zai faɗa maka daga hannun wa kayan suka fito, a ina aka ajiye su, ya auna kowane faifai, ya nuna hoton ƴar takardar nan neifei da ake dannewa cikin ganyen tun ranar matsa shi. Wannan ya zama dole, domin takardun masana'antun gwamnati na wancan zamani ba su ɗauke da shekara. Sai dai ka lissafa da kyau. Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai la'adar gida a kan mai saye, wadda kan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin 100, ga kuɗin dako da inshora da kwastan. Kuma galibi ba a ɗanɗanawa, ba a mayarwa. Ba a cinikin biri a sama, amma a gwanjo kusan hakan ake yi, sunan gidan kawai ka riƙe. Ka yanke iyakarka tun kafin a fara tayi, ka rubuta ta, domin in hannu ya fara tashi zuciya ba ta son a kayar da ita.

Fangcun, babbar kasuwar shayi ta Guangzhou, ta fi kusa da mu, tunda can ƴan kasuwarmu ke zuwa. Alherinta ɗaya ne: za a zaunar da kai a dafa maka. Ka bari a zubar da ruwan farko, ka sha har zubi na bakwai ko na takwas. Mai kyau yana riƙe ƙarfinsa, ruwansa garau. Na bogi a zubi na uku ya zama ruwan banza. Ka koyi karanta lamba. 7542 na masana'antar Menghai, wadda ke sayarwa da sunan Dayi, na nufin haɗin ganye na 1975, ganye mataki na 4, masana'anta ta 2 (wato Menghai). Mutane da yawa suna ganin 75 su ɗauka shekarar da aka yi shi ke nan, alhali har yau ana matsa 7542 sabo. Ka tambayi inda ya kwana. Ajiyar Hong Kong mai danshi tana tsufar da shi da wuri, tana sa masa ƙamshin ƙasa, in ta yi yawa ta kawo fumfuna. Ajiyar Kunming busasshiya ce, tsufa a hankali, ɗanɗano tsaf. In kuma aka ce maka Lao Banzhang ne ko Bingdao da kuɗi kaɗan, ka tashi. Ƙauyuka ne ƙanana, ganyensu bai kai yawan abin da ake sayarwa da sunansu ba.

Zaɓi na uku, ka sayi sabo ka ajiye. Ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ƙasarmu ba ta taimakawa. Pu'er na son danshi matsakaici, wajen kashi 60 zuwa 70. Hunturun Kano ko Damagaram zai busar da shi ya tsaya cak, Agusta kuma ta iya jiƙa shi. Ga shi da kwasar wari: ka ajiye shi ɗaki ɗaya da turaren wuta ko daddawa, ya tashi daga shayi. Sai akwati mai murfi, nesa da rana da kicin, da ɗan ma'aunin danshi a ciki.

Mai neman riba kuwa ya tuna 2007. Farkon shekarar farashin Pu'er ya yi ta hawa, kowa na saye don ya sayar, kafin ta ƙare ya rushe, masu sito cike da kaya suka rasa mai taya.

Da ni ake shawara, mai farawa ya je Fangcun ya nemi sheng mai shekara goma zuwa goma sha biyar daga sananniyar masana'anta, faifai ɗaya tak, ya sha shi wata da watanni har harshensa ya gane. In ya gamsu ya koma ya ɗauki tong na irin wanda ya gwada ɗin. Gwanjo kuma sai ranar da zai iya duban hoton gefen faifai ya faɗi ko a Hong Kong ya kwana ko a Kunming.