Wata takwas da motar lantarki, kuma ba ni da wurin caji a gida

Wata takwas ke nan da na sayar da tsohuwar motata mai shan fetur na koma ta lantarki. A gidan haya nake, a saman bene, babu ta inda zan jawo waya zuwa inda nake ajiye mota, don haka duk wutar da motar nan ta sha, a wuraren cajin jama'a ta sha ta. Wanda yake da soket a garejinsa, labarinsa daban ne da nawa.

Ita motar ba ni da ta cewa a kanta. Kana taɓa totur take zabura, ba jiran giya, ba ƙara, ba hayaƙi. Na manta da juyen baƙin mai, babu filogi, babu salansa. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, injin yakan koma kamar janareta, ya rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, shi ya sa ba na yawan taka birki. Batirinta kilowat-awa 60 ne, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka. A cikin gari takan ci kusan 15 a kilomita 100, amma a babbar hanya, in na sake mata ga na'urar sanyaya mota a kunne, sai ta doshi 20. Wannan ya ɗaure min kai da farko, domin na saba da motar da cunkoso ke shanye wa mai, ita kuwa wannan gudu ne ke zuƙe ta.

A wurin caji ne na sha karatu. Makon farko na tsaya gaban wata na'ura da aka rubuta mata kilowat 22, wato ƙarfin wutar da take bayarwa, na jona, sai na ga 11 kawai ke shiga. Har na fara masifa a raina wai na'urar ta lalace. Ashe daga motata ne. Irin waɗannan na'urori wutar AC, irin ta gida, suke bayarwa, motar ce ke juya ta zuwa DC da batir ke karɓa, kuma abin juyawar da ke cikin tawa iyakarsa 11 ne. Da wannan ƙarfin, cika batir daga ƙasa yakan ci kusan awa 6.

Masu sauri kuwa DC suke turawa kai tsaye, akwai na 50, na 150, har na 350. Nan ma lambar da ke jikin na'ura ba ita za ka samu ba. Tawa ba ta wuce 100, kuma ko shi ɗin sai batir yana ƙasa. Daga kashi 10 zuwa 80 kusan rabin awa ne, daga nan sai abin ya koma tafiyar hawainiya, saboda motar na kare batir daga zafi da saurin tsufa. Kamar cika kwalba ne, in ta kusa baki dole ka sassauta zubi. Shi ya sa nake jin haushin wanda zai zauna yana latsa waya har sai ya ga kashi 100, alhali mota uku na layi a bayansa. Wasu na'urorin kuma raba ƙarfi suke yi: wani na jona tasa a gefenka, naka cajin ya faɗi warwas.

Akwai batun bakin waya. Iri-iri ne, tawa irin da ake kira CCS take sha. Wata rana na ga waya guda ba kowa a kanta, na yi murna na juya mota da baya, ashe CHAdeMO ce, irin wadda tsofaffin Nissan Leaf ke amfani da ita.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin tabbas. Manhaja ta nuna min na'ura lafiya lau, na je da kashi 9 a batir na tarar da allonta a mace. Ranar na kashe na'urar sanyaya mota, na lallaɓa zuwa wani wurin gabana na faɗuwa. Manhajoji uku ne yanzu a wayata, kowane kamfani da tasa, kuma a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa sabis ɗin waya kan ɗauke daidai lokacin biya. Sau biyu kuma na iske motar fetur ta tare gurbin caji, mai ita ya yi gaba abinsa. Kuɗin caji mai sauri ya fi na wutar gida nesa ba kusa ba, saboda haka rarar da na yi tsammani ba ta kai yadda na lissafa ba.

Yanzu ba na barin batir ya sauka ƙasa da kashi 30, kuma kafin in nufi wurin da ban sani ba sai na duba abin da direbobi suka rubuta a kansa a manhajar PlugShare mai nuna wuraren caji. Na samu wata na'ura marar sauri kusa da wurin aikina, nakan jona da safe sau biyu a mako, in cire da rana. Tun da na gano ta hankalina ya kwanta. Na kuma yi wa mai gidanmu maganar a sa min soket a ƙasa da mita tawa daban, ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara.