Wata huɗu a wata masana'anta a Higashi-Osaka: sharhina kan horon aiki na shirin ABE

Tun da na dawo Kano ƙannena da abokan karatu ke tambayata ko horon sanin makamar aiki da ake haɗawa da digiri na biyu a shirin ABE na ƙasar Japan ya cancanci wahalar da ke cikinsa. Ya cancanta ƙwarai, sai dai abin da na samo ba shi na tafi nema ba.

Ga wanda bai san shirin ba, Firaministan Japan na wancan lokaci, Shinzo Abe, shi ya sanar da shi a taron TICAD na biyar (taron Japan da ƙasashen Afirka kan ci gaban Afirka) a Yokohama a 2013, da burin kai matasan Afirka 1,000 cikin shekara biyar, kuma JICA, hukumar Japan mai kula da ayyukan haɗin gwiwa da ƙasashen waje, ke tafiyar da shi. Za ka yi karatu a jami'ar Japan, sannan ka je wani kamfani ka ga yadda ake aiki. Ni injiniyancin noma na karanta, kuma injin ban-ruwa ne a raina, irin wanda manoman Kadawa da Kura ke fama da lalacewarsa duk rani. Sai na samu wuri a wani ƙaramin kamfani mai ƙera sassan famfo a Higashi-Osaka, garin da ƙananan masana'antu suka cika lungunansa.

Ƙarfe takwas da rabi ake fara aiki, amma kafin nan kowa ya iso ya sa kayan aiki. Ana motsa jiki tare da kiɗa, abin da suke kira rajiyo taiso, sai gajeren taron safe a tsaye, wato chorei. Shara kuwa har mai kamfanin yana ɗaukar tsintsiya. A jikin allo an zana siffar kowace sifana da guduma, ta yadda idan ɗaya ta ɓata kowa zai gani daga nesa.

A mako na biyar na yi kuskuren da ya zame mini darasin tafiyar gaba ɗaya. Na saita injin yankan ƙarfe da lambar da ba ita ba, sai da hantsi ina awo na gane sanduna arba'in sun gaza kauri da ɗan abin da ido ba ya gani. Na yi abin da yaron shago ke yi a wurinmu: na ja bakina, na duƙufa ina neman gyara kafin maigida ya sani, don mun taso da sanin cewa wanda ya kai mummunan labari shi ke shan faɗa. Sai bayan la'asar na je wurin dattijon da ke kula da sashenmu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ƙarfe nawa ka gani?" Na ce ƙarfe goma. Ya daɗe shiru, sannan ya ce da ya ji tun ƙarfe goma da ya tsayar da aikin sashen gaba, ya kira mai kaya ya nemi ƙarin kwana ɗaya, yanzu kuwa mutum uku sun yi yini guda suna aiki a kan ƙarfen da za a zubar.

Ya ɗauki takarda ya rubuta mini kalmomi uku: hokoku, kai rahoto, renraku, sanar da waɗanda abin ya shafa, sodan, neman shawara. A dunƙule suna cewa horenso, wanda a yarensu sunan wani ganye ne mai kama da alayyafo, don haka ba ya ɓacewa a kai. Washegari a taron safe aka tattauna maganar, ba wanda ya nuna ni da yatsa. Abin da suka bi diddigi shi ne me ya sa takardar saiti ta bari sabon mutum ya rikita lambobi biyu, kuma a ranar aka sake tsara takardar. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta karye, don ban taɓa ganin an ɗauki kuskuren ƙaramin ma'aikaci da irin wannan mutunci ba.

Akwai abubuwan da suka ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye su ba. Makonni ukun farko kamfanin bai san me zai yi da ni ba, aka zaunar da ni ina mayar da kundin kayansu zuwa Turanci. Da na kawo shawarar a ƙera famfo mai sauƙin kuɗi da bakanike a Kura zai iya kwancewa ya gyara, aka ce mini "kento shimasu", wato za mu duba. Wata biyu ina jiran amsa kafin wani da ya riga ni aiki ya ja ni gefe ya ce ai amsar ke nan, a'a ce aka faɗa cikin ladabi. Shi ya koya mini nemawashi: kafin ka kai magana taro, ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ka ji ta bakinsu. Mu ma da kara aka san mu, amma tasu ta kai inda baƙo zai ɓata watanni bai san an rufe ƙofa ba.

Sai zaman dare a wurin aiki. Tun Afrilun 2019 dokar ƙasar ta fara ƙayyade aikin bayan lokaci, a ƙa'ida awa 45 a wata da 360 a shekara, kuma ni a matsayin ɗan koyo an ce in tashi ƙarfe biyar da rabi. Duk da haka, miƙewa ka ce "osaki ni shitsurei shimasu", wato a gafarce ni na riga ku tafiya, alhali kowa yana zaune, abu ne mai nauyi. Na ga magidanta da ba sa tarar da 'ya'yansu a farke sai ƙarshen mako, kuma wannan ba abin koyi ba ne a wurina.

Batun addini ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata, saboda na faɗa tun ranar farko. Suka ware mini kusurwa a ɗakin ajiya don azahar da la'asar. A liyafar bayan aiki, nomikai, shayin ulon nake ɗagawa lokacin "kanpai", wato sa'ad da kowa ke ɗaga kofinsa kafin a fara sha, ba wanda ya matsa mini. Abinci ne ke son lura, don mirin da ake zubawa a miya yana da giya, kuma sinadarin alade na shiga abubuwa da yawa na kanti. Sallar Idi a masallacin Kobe na yi ta, wanda aka gina a 1935.

Wanda zai nema ya riƙe harshe da muhimmanci tun daga gida. Karatun jami'a da Turanci na yi shi, amma a gaban inji Japananci kawai ake yi, da karin mutanen Osaka mai sauri. Ina ganin sai mutum ya kai matakin N3, wato matsakaici, na jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT kafin ya mori horon yadda ya kamata, kuma ƙaramin kamfani ya fi, don a can za ka riƙe ƙarfe da hannunka.

Watan jiya na aika wa dattijon nan hoton allon da na kafa a shagona, kowace sifana da zanenta. Ya amso da tambaya ɗaya: ina ta lamba 17, da gurbinta ke wayam a hoton?