Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Tace Bidiyo, Duba Yadda Take Riƙe Hoto

Duk mai haɗa bidiyon biki a Kaduna ya san lokacin da dangin amarya za su turo hotunan kamu da na walima ta WhatsApp, su ce a saka a cikin fim ɗin. A nan aiki yake yawan lalacewa. Sai ka ga fuskar amarya ta baje, ɗaurin ɗankwalinta ya kwanta, ango ya yi ƙibar da ba tasa ba. Abin yana ba ni takaici, domin mutane sun biya kuɗi, kuma bidiyon nan za a ajiye shi har jikoki su gani.

Tushen matsalar lissafi ne. Faffaɗan allon bidiyo na yanzu 16:9 ne, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Yawancin wayoyi kuwa suna ɗaukar hoto a 4:3, manyan kyamarori irin Canon da Nikon kuma a 3:2. Hoton waya idan ya cika allon daga sama zuwa ƙasa, faɗinsa 1440 ne kawai, sai gefe da gefe a bar baƙi na ɗigo 240 kowanne. Idan aka ja shi da ƙarfi ya toshe baƙin nan, an ƙara wa kowace fuska kashi ɗaya cikin uku na faɗinta. Idan kuma aka faɗaɗa shi daidai ba tare da ja ba, kwata na tsayinsa zai fita daga allo, kuma sau da yawa kan mutum ko hularsa ne ke tafiya. Saboda haka abin da za ka nema a manhaja shi ne ta bar ka ka zaɓa da kanka: ko hoton ya shiga gaba ɗaya, ko ya cika allo kana matsar da shi yadda kake so.

Mai aiki da waya kaɗai, CapCut za ta ishe shi. Ka fara zaɓen siffar allon kafin ka ɗora komai, 16:9 don talabijin da YouTube, 9:16 don sitatus da TikTok. Idan ka buɗe hoto da yatsu biyu yana girma ne daidai ta kowane gefe, kuma tana iya cike baƙin gefen da inuwar hoton mai dishi-dishi, wanda ya fi kyau sosai ga hotunan tsaye. KineMaster ma tana tambayar siffar allo tun farko, sai dai ta kyauta tana buga tambarinta a jikin bidiyon. Bai dace ka miƙa wa iyayen amarya aiki da tambarin wani kamfani a kusurwa ba. Filmora a kwamfuta ma haka take sai ka biya.

Ga wanda ya ɗauki sana'ar da gaske, zaɓin yana tsakanin Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve. Premiere ce da yawan masu tacewa suka saba da ita, don haka idan ka maƙale ba za ka rasa wanda zai nuna maka ba. Nauyinta shi ne ba a saye ta a mallaka, biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara da dala. Resolve kuwa, ta kamfanin Blackmagic Design, tana da ta kyauta wadda ba ta buga tambari a aikin yau da kullum, kuma a saitin aikinta akwai wuri guda da kake gaya mata abin da za ta yi da duk hoton da girmansa ya saba da na allo. Zaɓi huɗu ne a wurin, ɗaya daga ciki shi ne jan hoto zuwa kusurwoyi huɗu. Shi za ka guje wa. Ni Resolve nake ba sabon shiga shawara, amma da sharaɗi: tana cin ƙarfin kwamfuta. Idan za ka sayi laftof na hannu a shagunan Ahmadu Bello Way, nemi mai RAM (ma'adanar aikin kwamfuta) gigabait 16 da katin hoto na daban, ka kuma gwada batirinsa, tunda wuta ba ta da tabbas. Final Cut Pro tana da kyau, amma sai mai na'urar Apple.

Akwai wani wuri da waya ba za ta fitar da kai ba, shi ne tsohon kaset. Wani lokaci za a kawo maka bidiyon auren iyaye na ƙaramin kaset ɗin DV a ce ka haɗa shi da sabbin hotuna. Wannan tsarin a ƙasarmu 720 da 576 ne, ko na 4:3 ne ko na faffaɗan allo, domin ɗigonsa ba murabba'i ba ne, a faffaɗan ya fi faɗi. HDV ma, wato bidiyon HD da ake ɗauka a irin wannan kaset, haka yake, 1440 da 1080 ake ajiye shi, sai wajen kallo a buɗe shi. Hoto kuwa ɗigonsa murabba'i ne. Idan manhaja ta fahimci ɗaya daga cikinsu ba daidai ba, mutane za su rame ko su kumbura ko da ba ka ja komai ba. Premiere da Resolve duka suna barin ka gyara siffar ɗigon kowane fayil da hannu. Mafi sauƙi shi ne ka buɗe sabon aiki a 1920 da 1080, ka shigo da tsohon bidiyon ciki, kada ka bar shi ya zama shi ke tsara allon.

Kada kuma ka manta da talabijin ko majigin zauren biki. Wasu an saita su suna jan duk abin da aka saka musu, sai a ɗora wa mai tacewa laifi. Duba saitin allon kafin baƙi su zauna.

Kafin ka biya ko kwabo, sauke ta gwaji. Ɗauki hoton faifai ko agogon bango mai zagaye, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ka saka su, ka fitar da bidiyon har ƙarshe, ka kalla a waya da talabijin. Idan da'irar ta koma siffar ƙwai, nemi inda ake gyarawa. Idan ka rasa wurin, gwada wata manhajar.