Ledar Shimfiɗa a Gona: Mai Kauri, Sirirya Ko Mai Ruɓewa?

Ledar da ake lulluɓe kunya da ita kafin dashen tumatir, tattasai ko kankana tana aikinta. Tana hana ciyawa fita, tana riƙe danshi, yuriyar da aka binne a ƙarƙashinta kuma ba ta saurin bin iska. A lokacin zafi mai fuskar azurfa ta fi baƙa zalla, domin baƙar tana dafa saiwa. Matsalar tana zuwa ne bayan girbi, kuma a nan ne nau'ikan uku suka rabu.

Sirirya, wadda kaurinta bai kai maikiron 15 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ita ce mafi araha, kuma ita ce ba za mu ba kowa shawarar saye ba. Rana tana cinye ƙarfinta, ranar kwashewa sai ta riƙa yagewa a hannu, gefen da aka binne ya maƙale a ƙasa. Garma ta bi ta kai shekara bayan shekara har ta zama ɓurɓushi, wanda idan bai kai milimita 5 ba babu mai iya tsince shi. Manoman auduga na Xinjiang a ƙasar Sin sun sha wannan wahalar, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin kauri daga maikiron 8 zuwa 10 a ƙa'idar 2017.

Abin da ya haɗa ɓurɓushin da taki shi ne numfashin ƙasa. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, amma sai ƙwayoyin bakteriya sun juya shi zuwa amoniyam, wasu kuma su mai da shi naitiret, kuma wannan mataki na biyu ba ya yiwuwa sai da iska. Guntayen leda suna tare hanyar ruwa da saiwa, wani wuri ya bushe, wani ya jiƙe sharaf. Inda ruwa ya kwanta iska ta yanke, wasu bakteriyan daban ne ke kama naitiret ɗin su mai da shi hayaƙi ya tashi sama. Manomi ya biya kuɗin buhu cikakke, shuka ba ta samu duka ba.

Mai ruɓewa, wadda ake yi da robar da ake kira PBAT haɗe da wata robar mai suna PLA ko da sitaci, ta fi tsada, amma ba a kwashe ta, huɗe ta ake yi cikin ƙasa. Sai dai akwai abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Ita abinci ce ga ƙwayoyin ƙasa, abinci mai yawan kabon wanda babu naitirojin a cikinsa, don haka kafin su cinye ta sai sun ɗebi naitirojin ɗin da ke kusa sun riƙe a jikinsu na ɗan lokaci, kamar yadda ake gani idan an binne ɗanyen karan dawa. Alamarsa tsofaffin ganyen ƙasa su fara yin rawaya. Maganinsa a huɗe ta da zarar an gama girbi, ƙasa na da laima, kada a bari sai dab da sabuwar shuka, sannan a raba yuriya kashi biyu ko uku. A busasshiyar ƙasa ruɓewar kusan tsayawa take yi. A duba lambar EN 17033 a jikin naɗin ledar, ma'aunin Turai ne da ke neman kashi 90 ya ruɓe cikin wata 24. Wadda aka rubuta wa "oxo" a guje ta, farfashewa kawai take yi, Tarayyar Turai ma ta haramta ta tun 2021.

Ga mai noman rani da ke lissafin kuɗi, zaɓinmu mai kaurin maikiron 25 zuwa 30. A binne gefenta sama-sama, ranar kwashewa a ɗan jiƙa ƙasa, a buɗe gefen da fartanya kafin a ja, a naɗe ta da sassafe kafin rana ta sa ta laushi. Kada a ƙone ta a gona. Wanda kuma yake zuba takin bola daga cikin gari, ya tace shi da rariyar waya tukuna, domin ledar fiya wata da ke ciki irin wannan ɓarnar take yi.